Ɗan Faifan Hotunan Radiyya

Tun da nake ban taɓa ganin matar mai hoto ta mutu ba ta bar hoto ko ɗaya ba sai ƙanwata Radiyya. Mijinta Najmuddeen shi ne mai ɗaukar hoto a unguwarmu a Azare, ba bikin da za a yi daga nan har Itas ba a aiko masa ba. Har yau akwai gidajen da in kun shiga za ku ga aikinsa a bango, amare da alhazai da jarirai, har ragon layya ya taɓa ɗauka aka wanke aka rataye a falo. Amma matarsa ta sunna, babu. Duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci sabo fil, ko da yake shi ma ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa.

Ba wai bai ɗauke ta ba ne. Ya ɗauka har ba iyaka. Mu a Hardawa muka tashi, mahaifinmu kuwa ba ya shiri da hoto ko kaɗan, don haka Radiyya ba ta taɓa tsayawa gaban kamara ba sai da ta shiga ɗakin miji. A shekarar ne Najmuddeen ya sayo wata kamara daga Kano, irin wadda ba a sa mata fim. A gefenta akwai 'yar ƙofa da ake zura wani ɗan faifai, faɗinsa bai kai kwalin ashana ba, ga shi siriri. Ba irin memorin wayar yanzu ba ne, wannan akwai abin da ke juyawa a cikinsa. In ya ɗauki hoto ya kara mini kamarar a kunne sai in ji tana ɗan gurnani kamar mage. Faifai biyu ya saya, ɗaya na aiki, ɗaya na Radiyya ita kaɗai. Da idona na ga hotunan a ɗan gilashin bayan kamarar, wani tana tsintar shinkafa, wani tana dariya ta kare baki da gefen mayafi, wani tana zaune a tabarma da tsohon ciki.

Na ce ya wanke mana ko guda biyu mu ajiye. Ya ce sam. Wai wankin hoto mai kyau sai an kai Kano, a can kuwa samari ne maƙil a ɗakin wankin, kowane hoto sai ya bi ta hannunsu suna kallo suna tsokaci, ya san halinsu don da su yake hulɗa. Ko a kwamfutar shagonsa bai yarda ya zuba su ba, saboda abokai na zama su yi ta buɗe-buɗe. Na ce masa wato matan mutane ka kwasa ka kai a kalla, taka ce mai tsada? Ya yi dariya ya ce in ya sayi injin wanki nasa na kansa, ni zai fara wanke wa. Bai saya ba har abin da ya faru ya faru.

Radiyya wurin haihuwa ta rasu. Jaririyar ta rayu, aka sa mata Fatimatuzzahra, muna kiranta Fatu. Ina goyo a lokacin, sai na haɗa su biyu na shayar, shi ya sa dangin uban suka bar mini ita. Najmuddeen ya zare faifan daga kamara bai ƙara duba shi ba. Fatu ba ta shiga makaranta ba shi ma ya yi haɗarin mota a hanyar Misau ya rasu. Aka sayar da kamarar wurin rabon gado. Da na tambayi faifan sai aka ce ai tuni ya damƙa wa yayansa, Alhaji Bappayo na Bulkachuwa, da sharaɗin kada wani ɗa namiji ya ga abin da ke ciki.

Alhaji Bappayo manomi ne, yana kuma dillancin shanu, mutum ne mai taurin kai na gaske. In ya ce eh ba ya komawa a'a, in ya ce a'a kuwa ko limami ya haƙura. Na sha yi masa maganar faifan in mun haɗu wurin suna ko gaisuwar mutuwa. Amsarsa ɗaya ce kullum, yana nan, a adane yake, in kwantar da hankalina. Ni ma hidimar 'ya'ya da sayar da atamfa suka sha kaina, na ce tun da a adane yake, ranar buƙata za a ɗauko.

Ranar buƙatar kuwa ta zo. Fatu ta yi aure, ta samu ciki, mijinta ya kawo ta gidana goyon ciki da ya shiga wata na takwas. Yarinyar da ba ta rabo da surutu sai ta koma shiru-shiru. Wata rana mun dawo daga awo, na zuba mata faten wake ta zauna tana juya cokali a ciki. Na tambaye ta ko malamar asibiti ta faɗa mata wani abu ne. Ta ce a'a, lafiya lau aka ce. Can sai ta ɗago kai.

"Inna, ita ma lafiya lau aka ce mata, ko?"

Na san wa take nufi. Na fara yi mata faɗa, kowa da kwanansa, kada ta sa wa kanta tunanin banza. Ta bari na gama tsaf.

"Ni ba tsoron mutuwa ne ya fi damuna ba. Ina so in ga fuskarta kafin in durƙusa. In na tashi, in san wa zan ce wa ɗana ita ce kakarsa. In ban tashi ba, in gane ta."

Wallahi sai da na shiga ɗaki na yi kuka. Mata sukan ce wa maraya ya duba madubi zai ga uwarsa, amma Fatu ubanta ta ɗauko kaf, har kunnuwa, ita ma ta sani. Washegari na hau motar Bulkachuwa.

Na tarar Alhaji ya tafi kara, inda ake cinikin shanu. Na zauna wurin matansa har la'asar, ana ta cika mini ciki da fura, kafin ya dawo ya ce in same shi a zaure. Na gaishe shi yadda ya kamata, na zayyana masa halin da 'yar ƙaninsa take ciki. Ya saurara yana jan carbi, ya yi mata addu'a mai tsawo, sannan ya tambaye ni wa zai buɗe faifan. Na ce masu gyaran kwamfuta sun cika Azare. Ya ce maza ne ko mata? Na ce maza ne. Ya ce to ya ga na gane, amana ce mamaci ya bar masa, ba zai tashi ranar kiyama ƙaninsa ya riƙe masa riga ba. Na ce Alhaji, matar ta kusa shekara ashirin a kabari, wane ne zai yi sha'awarta? Ya ce shi ba a ce masa amanar tana da wa'adi ba.

Na fito ina huci. A mota har wata mata ta tambaye ni ko da direba nake faɗa, ashe a fili nake ta mita ban sani ba. Mai rai tana nan tana kwana da fargaba, shi yana can yana tsaron mutuncin wadda ƙasa ta riga ta rufe. Amma na san halinsa, ba a karya shi ta gaba, sai an zagaya. Tun da maza ne matsalar, sai in nemo mace.

Na samu kuwa. Halimatu, wata bazawara da ke da shagon buga takardu kusa da tasha, ita ke gyara kwamfutocinta da kanta. Da na kwatanta mata faifan ta gane shi, ta ce an daɗe da daina yin irinsa, kwamfutar yanzu ba ta da ramin da zai shiga, sai an nemo wani ɗan akwati mai waya da ake zura shi a ciki. Ta yi ta cigiya har aka samo mata wani tsoho a Kano, direba ya kawo. Ta ce za ta zo har gida da kwamfutarta ta hannu, mu uku mata mu rufe ƙofa mu kalla, ba namijin da zai leƙa.

Na kira Alhaji na faɗa masa. Ya ce to, amma ba zai ba ni a hannu ba, da kansa zai kawo. Daga nan aka shiga sabon babi. Yau ya ce shuka, gobe ya ce saniya ta haihu, jibi an yi rasuwa a maƙwabta. Ƙafafun Fatu suna ta kumbura, kullum da safe sai ta tambaye ni ko Bappa ya ce yau. Da na ga wata na tara ya kama, na kira shi na ajiye kunya gefe. Na ce masa in Juma'a ta wuce bai zo ba, zan ɗauko Fatu da cikinta in zaunar da ita a ƙofar zaurensa ranar kasuwa, duk wanda ya tambaya in faɗa masa abin da muke jira. Ya ce ni ba ni da ta ido. Na ce eh, ba ni da ita.

Ranar Alhamis da hantsi sai ga shi a bayan ɗan acaba. Na aika wa Halimatu ta rufe shago ta zo. Fatu ta yi wanka ta sa sabuwar atamfa, har kwalli ta sa, kamar mai shirin tarbar baƙuwa. Muka shimfiɗa wa Alhaji darduma a tsakar gida, aka gaisa, aka kawo ruwa. Ina jira in ga ya sa hannu a aljihu, sai na ga ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa. A damtsensa akwai kambu, irin layar nan da ake ɗaurawa a hannu, fatar da alama ja ce da can amma gumi ya mai da ita baƙa ƙirin. Ya kwance igiyar a hankali ya ɗora shi a tafin hannu.

Na tambaye shi mene ne wannan. Ya ce ai shi ne. Yana magana yana murmushi, irin na wanda ya san za a yaba masa. Ya ce tun satin da aka binne ƙaninsa ya zauna ya yi tunani. In ya sa a akwati, mata da yara za su buɗe. In ya sa a rufin ɗaki, ga gara ga yoyon damina. Abin da mutum yake ji da shi kuwa, tun kaka da kakanni an san yadda ake yi masa. Sai ya kai wa wani baduku a kasuwar Bulkachuwa, ya tsaya a kansa don kada ya yi masa aikin ha'inci. Badukun ya naɗe shi da zare tam, ya shafa danƙo, ya rufa fata, ya ɗora a kan itace ya bubbuga da guduma har ya kwanta lif yadda ake yi wa kowace laya, sannan ya ɗinke da basilla. Alhaji ya ce shi da kansa ya sa aka ƙara bugawa, don kada ruwa ya samu hanya.

"Tun ranar bai kwana a wani wuri ba sai a jikina," in ji shi. "Ko wanka zan yi, inda idona yake nake rataye shi."

Ni a lokacin ban gane komai ba, har na ɗan ji kunyar zagin da na yi ta yi masa a zuci. Fuskar Halimatu na kalla na ga ta canza. Ta tambaye shi a hankali, da guduma ya ce? Ya ce eh, ƙarama dai, ta dukawa.

Ta karɓi reza ta bi ɗinkin tana yankawa. Fatar ta bushe ta manne, sai da ta yi ta ɓamɓarowa, zaren ciki ya zama kamar ƙanzo. Da faifan ya fito na gane shi, amma ba haka na san shi ba. Tsakiyarsa ta lotsa kamar murfin kwalba da aka taka. A jikin takardar da ke manne da shi, ƙarƙashin dauɗa, akwai ɗan zanen yatsu biyu sun matse faifai an ja layi a kai. Halimatu ta nuna mini da farce, ashe alama ce ta kada a matse shi.

Duk da haka muka shiga ɗaki muka sakaya ƙofa, Alhaji ya juya baya yana fuskantar katanga, don shi har lokacin amanarsa yake tsaro. Halimatu ta yi bismilla ta tura faifan cikin ɗan akwatin, da ƙyar ya shiga. Muka kasa kunne. Maimakon gurnanin nan da na sani, sai muka ji ƙas, ƙas, ƙas, kamar ɓera na cin ƙwarya, daga nan shiru. Ta zare ta hure ta mayar. Ƙas, ƙas. Ta sake, wannan karon ko ƙas ɗin bai yi ba. Fatu tana zaune a bakin gado ta ƙura wa gilashin kwamfutar ido, babu abin da ke ciki sai hoton wani tsauni da ya zo da kwamfutar.

Halimatu ta ce ba za ta yi mana ƙarya ba. A ciki akwai ɗan faranti kamar kwabo da ke juyawa, da wata 'yar allura da ke shawagi a samansa ba ta taɓa shi, da maganaɗisu take rubuta hoton a fuskar farantin. In aka danne murfin, farantin ya lanƙwashe ko ya fashe. Ta girgiza shi kusa da kunnena, na ji wani abu na motsi a ciki kamar yashi. Na tambaye ta Kano fa, ko Legas? Ta ce in dai abin da take ji ne, farantin ya zama gari, kuma tun ranar da aka buga shi ya zama.

Na buɗe ƙofa na fita. Alhaji ya juyo yana tambaya ko an gani. Halimatu ta yi masa bayani cikin ladabi, ya saurara, ya sunkuyar da kai, sannan ya ce Allah bai nufa ba, sai haƙuri.

Nan na fashe. Ban taɓa ɗaga wa babba murya a tsakar gidana ba sai ranar. Na ce kada ya kuskura ya jingina wa Allah aikin guduma. Na ce shekara nawa ina roƙonsa yana ce mini a adane yake, ashe gawa yake yawo da ita a damtse yana hana mu. Ga makaranta a garin, ga malamai, ga masu hoto abokan ƙaninsa, bai iya tambayar ko mutum ɗaya yadda ake ajiye abin ba, sai baduku? Na ce ubanmu ya hana a ɗauke ta don yana kare ta, mijinta ya hana a wanke don yana kare ta, shi kuma ya sa an daka ta don yana kare ta. Sun yi ta kare ta, sun yi ta kare ta, har ba su bar wa 'yarta ko ƙwayar idonta ba. Maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga, ban damu ba.

Bai rama ba, kuma wannan ya ƙara ƙona mini rai, don faɗa nake nema. Ya tsuguna yana tsince guntayen fatar daga kan darduma ɗaya bayan ɗaya. Inda kambun ya zauna a damtsensa fatar wurin ta yi fari ta lotsa.

"Ummu Salma, ni ban san ba ya son a danna shi ba," ya ce. "Abin da na sani, in kana son abu, ɗinke shi kake yi."

Ya zuba guntayen a aljihu, ya tsaya a ƙofar ɗaki ya kira Fatu. Ta amsa daga ciki. Sai ya ce Allah ya sauke ta lafiya, ya sa takalmi ya fita. Ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba. Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba, amma tausayin bai rage mini fushi ko kaɗan ba, har yanzu da nake ba ku labarin nan bai huce ba.

Halimatu ta naɗe wayoyinta ta tafi tana ba mu haƙuri kamar ita ta yi laifin. Na koma ɗaki ina shirin rarrashi, na tarar Fatu ba kuka take yi ba. Faifan na hannunta tana shafa lotsawar da babban yatsa. Ta matsa mini na zauna kusa da ita.

"Shi ke nan, Inna. Ke ai kin san ta. Ki faɗa mini, a hankali, zan rufe ido."

Ta rufe idon kuwa. Na gyara zama da ƙarfin gwiwa, don wa ya san Radiyya kamar ni? Tabarma ɗaya muka kwana, ni na yi mata kitson aure, ni na yi mata wanka na ƙarshe. Na ce doguwa ce, ta fi ni haske. Na ce in tana dariya kafaɗunta ne ke rawa kafin a ji sauti. Na faɗa mata irin atamfar da ta fi so, da yadda take kiran sunana tana jan ƙarshensa. Fatu ta ce ta ji, amma fuskar take so.

Na tsaya. Na nemi fuskar, sai na ga mayafin, na ga hannun da ke tsintar shinkafa da lalle a yatsu, na ga tabarmar, wurin fuskar kuma ya ƙi tsayawa. Sai a lokacin na gane ba Fatu kaɗai ke jiran faifan nan ba. Duk shekarun nan ni ma da shi na dogara, na bar masa ajiyar ƙanwata na shiga hidimar duniya. Tsoro ya kama ni, na yi maza na kamo abin da na tabbata da shi. Na ce tana da ɗan tabo a gira, maraƙi ne ya tunkuye ta muna yara a Hardawa, ina wurin, ni na danne mata jinin da bakin zanina.

Fatu ta yi murmushi ido a rufe, ta ɗaga yatsa zuwa fuskarta.

"Ta dama ko ta hagu?"

Na ɗaga nawa yatsan na taɓa girata ta dama. Na mayar ta hagu. Na sake dawowa dama. Fatu na jirana, hannu ɗaya a kan cikinta, ɗaya a tsaye a gaban goshinta, ni kuwa wallahi ban sani ba.